Sawakin: tsibirin da ya gagari yaƙi, ya faɗi a lokacin zaman lafiya

Kimanin kilomita 60 kudu da Fot Sudan, a gaɓar Bahar Maliya, ruwan teku ya kutsa cikin ƙasa ta wani siririn mashigi, ya yi 'yar tafiya, sannan ya buɗe ya zama tafki. A tsakiyar tafkin akwai wani ɗan tsibiri mai kama da faifai, wanda tsawonsa bai kai kilomita ɗaya ba. Nan ne tsohon garin Sawakin. Shekaru ɗaruruwa shi ne babbar ƙofar Sudan ta teku: ta nan ƙaro da hauren giwa suke fita, ta nan yadin Indiya yake shigowa, ta nan kuma maniyyata suke tsallakawa Jidda. Yau mafi yawan gidajensa tarin fararen duwatsu ne.

Abin da ya sa lamarin Sawakin ya cancanci a tsaya a duba shi ne yadda ya rushe. An kewaye garin da yaƙi shekaru da dama bai faɗi ba, babu kuma wata gobara ko girgizar ƙasa da ta cinye shi. An ɗauke masa kasuwa ne, masu gidaje suka bi kasuwar, gidajen kuwa iri ne da ba ya jure a bar shi ba kowa.

Tsibirin da babu ruwan sha

Masanin nan na Yaman, al-Hamdani, ya ambaci Sawakin a ƙarni na 10, kuma tun a lokacin ana ɗaukarsa tsohon gari. Ƙasar da ke kewaye da shi ta kabilun Beja ce, makiyaya raƙuma da awaki. Mutanen yankin suna da labarin cewa a tsibirin ne Annabi Sulaiman (AS) yake tsare kangararrun aljanu, labarin da har yanzu ake ba baƙi.

Ibn Battuta ya sauka nan wajejen 1330, ya tarar da tsibirin babu rijiya, babu gona, babu itace. Da kwalekwale ake kawo ruwan sha daga tudu, sai kuma ɗan na sama da ake tarawa a kwatarniyoyin da aka gina. Sarkin garin a lokacin Sharif Zaid ne, ɗan Abu Numayy Sarkin Makka, wanda ya samu sarautar ta wajen kawunnansa Beja. Daga wannan kaɗai mutum zai gane irin garin da ake magana: ƙafa ɗaya a Hijaz, ɗaya a duwatsun Beja.

Me zai sa mutane su gina benaye a inda ko ruwan alwala sai an sayo? Amsar tana cikin tafkin. Gaɓar Bahar Maliya cike take da duwatsun murjani da ke ƙarƙashin ruwa, masu farke cikin jirgi, wuraren da jirgi zai fake lafiya kaɗan ne. A Sawakin jirgin da ya shige mashigin ya tsira daga iska da igiyar ruwa, ga zurfi har bakin tsibirin. Ruwan da ya kewaye garin kuma ya zame wa fatake ganuwa. Da tashar Aizab da ke arewa ta mutu a ƙarni na 15, cinikin Masar da Hijaz da ƙasashen Nilu ya karkato nan.

Turkawan Daular Usmaniyya sun ci Masar a 1517, Sawakin ya shiga hannunsu. A 1555 Ozdemir Pasha ya kafa lardin da suka kira Habash, ya fara zama a nan. Kafin haka, a 1541, rundunar jiragen Fotugal ƙarƙashin Estevao da Gama ta shigo tafkin. Ɗaya daga cikin kyaftin ɗinsu, Joao de Castro, ya rubuta cewa garin yana cikin mafi arziki a Gabas, ya bayyana yadda jirage suke jeruwa kewaye da tsibirin, ana shimfiɗa katako daga jirgi zuwa ɗakin ajiyar ɗan kasuwa a sauke kaya kai tsaye. Yabon bai hana su wasashe garin ba.

Ta tudu kuwa, ayarin raƙuma ne ke ciyar da tashar. Daga Sannar ta sarakunan Funj, daga Shandi da Barbar a bakin Nilu, ayari yakan ratsa hamada da duwatsu kusan mako biyu kafin ya hango teku. Kayan da yake ɗauke da su sun haɗa da ƙaro, filasko, gashin jimina, fatu, zinariya, da bayi. Wannan na ƙarshe bai kamata a tsallake shi ba. Dubban mutane aka tsallakar da su daga nan zuwa kasuwannin Hijaz, kuma wani ɓangare na kuɗin da ya gina kyawawan gidajen da ake kukan rushewarsu daga nan ya fito.

Gidan murjani

Babu dutsen gini na kirki kusa da Sawakin, babu katako. Magina suka koma ga teku. Murjanin da ake nufi a nan daban yake da jan dutsen wuya: wani farin dutse ne da ƙananan halittun ruwa suke ginawa a hankali, mai huji-huji kamar soso, mara nauyi, mai taushi lokacin da aka fito da shi. Ana sassaƙa shi tubali-tubali. Ana kuma ƙona ɓaraguzansa a samu farar ƙasa, wadda da ita ake haɗa kwaɓi, da ita ake yaɓe.

Bangon yana da fuska biyu, ta waje da ta ciki, an cika tsakaninsu da ɓaraguzai da kwaɓi. Bayan an ɗan yi sama sai a kwantar da katako a tsawon bangon, a ci gaba da gini, a sake kwantar da wani. Katakon nan ne ke ɗaure fuskokin biyu, yana kuma rarraba nauyi. A haka ake kai gida hawa biyu ko uku. Ƙasa akwai zaure da ɗakin karɓar baƙi da rumbun kaya, sama kuma iyali, can ƙololuwa akwai farfajiyar da ba rufi inda ake kwana lokacin zafi.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne roshan, wata babbar taga ta katako da take turowa waje daga jikin bene. Da katakon tik na tsibirin Jawa (Indonesiya ta yau) ake yin ta, wanda jirage suke kawowa. Tana da faɗin da mutum biyu ko uku za su zauna a cikinta su sha gahawa, wani ma ya miƙe ya yi barci. An yi mata ƙananan marufai da ake ɗagawa ɗaya-ɗaya, da raga ta katako da ke shigo da iskar teku ta tare rana. Matar gida tana ganin duk mai wucewa a lungu, shi ba ya ganinta. Akan ajiye tulu a gefenta don iska ta sanyaya ruwan. Irin wannan taga ce ake gani a tsohon garin Jidda da Masawa, domin gini ɗaya ne ya zagaye Bahar Maliya.

Raunin ginin yana tattare da kyawunsa. Dutse mai huji yana shan ruwa. Daga ƙasa gishiri yana hawowa cikin bango, daga teku iska mai laima tana bugunsa dare da rana, ruwan sama kuma, wanda a wannan gaɓa da hunturu yake zuwa, yana neman ko wace 'yar kafa a rufi. Abin da ke tsakanin dutsen da duk waɗannan shi ne yaɓen farar ƙasa. Wanda ya taɓa zama a gidan ƙasa ya san ƙa'idar: kafin damina a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe. Idan aka yi shekaru ba a yi ba, ruwa ya shiga tsakiyar bango, katakon ɗauri ya ruɓe, fuskar waje ta rabu da ta ciki ta kumbura, wata rana ta zube gaba ɗaya. Sai ka ga gida a tsaye, ɗakunansa a buɗe ana ganin alkukai da adon bango, kafin shi ma sauran ya bi.

Garin ya taɓa shiga wannan hali tun kafin Turawan Ingila. Da hanyar teku ta zagayen Afirka ta janye cinikin Indiya, kuma ƙarfin Turkawa ya ragu, Sawakin ya yi sanyi. Matafiyin nan ɗan Suwizalan, Burckhardt, ya iso a 1814 cikin ayarin da ke ɗauke da maniyyata 'yan Afirka ta Yamma, waɗanda ake kira Takari. Ya tarar da kusan kashi biyu cikin uku na gidajen tsibirin sun zama kango. Wannan shaida tana da muhimmanci ga fahimtar lamarin, domin bayan shekara hamsin garin ya sake miƙewa. Gidan murjani yana faɗuwa idan ciniki ya tafi, a sake ɗaga shi da duwatsunsa idan ciniki ya dawo.

Daga Khidiwi zuwa Usman Digna

A 1865 Sarkin Istanbul ya miƙa Sawakin ga Khidiwi Isma'il, mai mulkin Masar. Gwamna Mumtaz Pasha ya gyara gidaje, ya gina sababbi, ya ƙarfafa noman auduga a Tokar, ya inganta tara ruwa a Shata inda rijiyoyin garin suke. A 1869 aka buɗe mashigin Suwez, jirage masu tururi suka fara bin Bahar Maliya. 'Yan kasuwa daga Jidda, Indiya, Masar da Girka suka cika garin. A 1877, zamanin Gordon, Baturen Ingila da Khidiwi ya naɗa gwamnan Sudan, aka cike ruwa aka yi hanyar da ta haɗa tsibirin da unguwar Gef da ke tudu. A 1881 attajiri Shinnawi Bey ya kammala wani katafaren masaukin fatake a Gef, wanda ayari guda yake shiga da raƙumansa.

Sai Mahadi ya bayyana. Muhammad Ahmad ya yi shelar da'awarsa a 1881, kuma wanda ya naɗa amirin gabas ɗan Sawakin ne, Usman Digna, daga gidan fatake da arzikinsu ya karye bayan an kama jiragensu masu ɗauke da bayi. Ya tara Hadandawa da sauran Beja, ya yi kaca-kaca da sojojin Masar a El Teb a Fabrairun 1884. Ingila ta turo nata sojojin. A Tamai, cikin Maris na shekarar, mayaƙansa da takubba da masu suka fasa sahun sojan Ingila kafin a kore su. A 1885 aka fara shimfiɗa layin dogo daga Sawakin zuwa Barbar, aka yi kimanin kilomita 30 aka watsar. Kitchener, hafsan sojan Ingila, ya yi gwamna a nan daga 1886 zuwa 1888, ya kewaye Gef da ganuwa, aka kuma ji masa rauni da harsashi a muƙamuƙi a Handub. Khartum ta faɗi a 1885, amma Sawakin bai taɓa shiga hannun Ansar, mabiyan Mahadi, ba. An kama Usman Digna a 1900, ya rasu a Wadi Halfa a 1926.

Hukuncin da ya kashe garin

Bayan 1898 sabuwar gwamnatin haɗin gwiwar Ingila da Masar tana bukatar tashar da za ta fitar da auduga da ƙaro ta jirgin ƙasa. Layin dogo daga Atbara ya iso teku a 1905. Injiniyoyi suka duba Sawakin suka ga mashiginsa siriri ne, da duwatsun murjani dama da hagu, manyan jirage ba sa iya juyawa a ciki, shiga da dare kuma kasada ce. Tsibirin a cunkushe yake, babu filin rumbuna. Ruwan sha bai isa ba, har sai da aka kafa injin tace ruwan teku a wani ɗan tsibiri da ke kusa. A arewa kuwa akwai Marsa Shaikh Bargut, mai faɗin baki da zurfi, ga ruwan Khor Arba'at ba nisa. Aka fara gini a can a 1905, Khidiwi Abbas Hilmi ya buɗe Fot Sudan a 1909.

A ganina ba za a ce injiniyoyin sun yi kuskure ba. Tashar da ta dace da jirgin filafilai ba lallai ta dace da jirgin ƙarfe ba, kuma tarihin Fot Sudan ya gaskata su. Laifin yana wani wuri: an yi lissafin kaya da jirage, ba a yi lissafin garin da za a bari ba. Kwastan ya tashi, banki ya tashi, kamfanin wayar tangaraho ya tashi, zuwa 1922 ofisoshin gwamnati sun gama komawa. 'Yan kasuwa suka kulle gidajensu suka bi. Da farko sukan aiko a yi yaɓe. 'Ya'yansu da aka haifa a Fot Sudan ba su ga dalilin kashe kuɗi a gidan da ba haya ba mazauni.

Abu ɗaya ya rage wa garin, shi ne aikin hajji. An bar wurin killace maniyyata a Sawakin, don haka duk mai tsallakawa Jidda bisa ƙa'ida sai ya biyo ta nan a yi masa allura, a duba takardunsa. Da yawansu daga ƙasar Hausa da Barno suka taso, ta Fort Lamy (Njamena ta yau), Abeshe, Janaina da El Obeid. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammad Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, hanyar gabas ta ƙara cika. Wasu sukan yi shekaru a hanya, suna tsintar auduga a Jazira su tara guzuri. Wanda kuɗinsa bai kai ba yakan zauna a Sawakin yana ga-ruwa ko dako, wani kuma ya bi sambuk, ƙaramin jirgin filafilai, a ɓoye da dare. Jikokin waɗanda ba su koma ba suna nan a gabashin Sudan. Amma maniyyaci mai jiran jirgi a bukka a Gef ba shi ne zai yaɓe benen attajiri ba.

Abin da ya rage a tsaye

Mun san kamannin gidajen ne saboda wani malamin zane, Jean-Pierre Greenlaw, wanda ya auna su ya zana su ɗaki-ɗaki a shekarun 1940 zuwa farkon 1950, lokacin da yawancinsu suna tsaye. An buga zane-zanen a 1976. Galibin abin da ya zana babu shi yanzu.

Mai ziyara yakan fara da Ƙofar Kitchener a tudu, ya ratsa kasuwar Gef, inda Beja masu tsayin gashi suke shan jabana, gahawa mai citta da ake dafawa a 'yar butar yumɓu. Ya bi hanyar da aka cike, ya shiga ta Ƙofar Gordon. A ciki hasumiyoyi biyu ne suke fara bayyana, na masallacin Hanafi da na Shafi'i. A arewacin tsibirin akwai ginin kwastan mai siffar zakuna a ƙofarsa, da Muhafaza, gidan gwamna, inda Kitchener ya zauna. Akwai ragowar gidan Khurshid Effendi, da na Bait al-Basha wanda ake ɗauka shi ne mafi tsufa, da ginshiƙan Bankin Masar a bakin ruwa. Tsakanin waɗannan kuwa tudun duwatsu ne, nan da can ka ga bakin ƙofa mai sassaƙa yana tsaye shi kaɗai, sai kyanwoyi masu yawa. Cikin rabin awa mutum ya zagaye tsibirin da ƙafa.

Gyaran da aka yi, da wanda ba a yi ba

Ciniki ya dawo Sawakin a 1991, lokacin da aka buɗe sabuwar tasha mai suna Usman Digna a bakin mashigin. Jiragen fasinja suna kwana ɗaya su kai Jidda, ana kuma fitar da dabbobi masu yawa zuwa Saudiyya. A Yunin 2022 wani jirgi da aka yi wa lodin tumaki fiye da 15,000, alhali ƙarfinsa 9,000 ne, ya nutse a tashar. Garin da ke tudu ya cika da jama'a. Sai dai wannan karon cinikin bai bukatar tsibirin: ɗan kasuwar yau ba ya kwana a saman rumbunsa, jirgi ba ya tsayawa a ƙofar gidansa. Abin da ya farfaɗo da garin bayan zamanin Burckhardt bai sake aiki ba.

Sudan ta sa Sawakin cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 1994, har yau yana layin jira. Daga 2002 hukumar kayan tarihi ta Sudan da masana daga Jami'ar Cambridge suka yi tone-tone da aune-aune. Hukumar TIKA ta ayyukan raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallatan biyu da ginin kwastan. A Disamban 2017 Shugaba Erdogan na Turkiyya ya zo tare da shugaban Sudan na lokacin, Umar al-Bashir, aka sanar cewa an ba Turkiyya tsibirin ta sake gina shi, har da shirin masu Umra daga Turkiyya su riƙa yada zango nan kafin Jidda. Masar da Saudiyya suka yi zargin sansanin sojan ruwa ake nufi, Turkiyya da Sudan suka musa. A Maris 2018 aka yi maganar yarjejeniyar dala biliyan 4 da Katar don bunƙasa tashar. Al-Bashir ya faɗi a Afrilun 2019, waɗannan manyan alkawura suka yi sanyi, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 kuma ya mayar da hankalin kowa ga tsira da rai.

Gyaran masallatan aikin alheri ne, ana salla a cikinsu. Amma a lura da abin da aka zaɓa: masallaci, kwastan, gidan gwamna, wato gine-ginen da suke hannun hukuma. Jikin garin kuwa gidajen mutane ne, kuma kowane kango yana da masu shi. Gidan da attajiri ɗaya ya bari a 1915 yau gadon jikoki da tattaɓa-kunne ne masu yawa, wasu a Fot Sudan, wasu a Khartum, wasu a Jidda. Babu wanda zai iya sayarwa shi kaɗai, babu wanda zai zuba kuɗinsa a abin da rabonsa a ciki ɗan kaɗan ne, kuma ba sa son hukuma ta karɓe, suna da gaskiyarsu. Doka ta hana a rushe ko a yi sabon gini yadda aka ga dama, ba ta samar da kuɗin gyara ba. Gida ya zauna tsakanin magada da hukuma har ya zube.

Tsohon garin Jidda, mai irin wannan dutse da irin wannan roshan, ya shiga jerin UNESCO a 2014, Lamu ta Kenya a 2001. Dukkansu sun sha wahala, amma mutane ba su taɓa barinsu gaba ɗaya ba, don haka akwai mai lura da tsaga tun tana ƙarama. Idan zaman lafiya ya samu, aikin farko a Sawakin na alƙalai da dattawan iyalai ne kafin na injiniyoyi: a tantance magadan kowane fili, a samo tsarin da za su wakilta mutum ɗaya ko su mayar da gidan waƙafi. Bayan haka a koya wa samarin Gef ƙona farar ƙasa da sassaƙa roshan daga zane-zanen Greenlaw, a yi amfani da duwatsun da suke zube maimakon a fasa murjanin da ke raye a teku, a ɗaga gidaje kaɗan waɗanda aka riga aka san wanda zai zauna a cikinsu, da wanda zai biya kuɗin yaɓensu kowace shekara.